Muryar Dada Hajara da Wayar da Na Ɗinka

Ranar da ba ta fita raina ba ita ce wata Laraba cikin zafin Afrilu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da layin kwafi ya tsaya cak a fuskar injinmu, sunan katin kuma ya ɓace. Ina rubuta muku ne, ku da kuka shigo atiliyen, shagon gyaran nan, bayana, don kada ku yi irin nawa.

Lokacin wata takwas ke nan da na fara aiki a shagon Malam Sali, Patron ɗinmu, wato maigida, nan bayan babbar kasuwar Garwa. Gyaran waya muke yi, da kwashe hotuna da muryoyi daga katin memuwa, ɗan katin ajiya na waya. Muna da ɗan inji na musamman don kwafi, mai batirinsa a ciki saboda ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

Ga yadda Patron ya koya mini abin. Sabon kati da inji suna fara magana da volt uku da ɗigo uku. In sun fahimci juna, sai su sauka zuwa ɗaya da ɗigo takwas don aiki ya yi sauri. Amma kati in ya sauka ba ya komawa sama sai an yanke masa wuta gaba ɗaya. Mai yankewar wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, regilatar, kuma manhajar injin ce ke ba shi umarni.

Ran Litinin regilatar ɗin ya mutu. Patron yana Maruwa sayen kaya. Sai na yi abin da kowane mai gyara a layinmu ke yi: na ɗauko siririyar wayar wuta na ɗinka, na tsallake shi, wuta ta tafi kai tsaye. Inji ya tashi. Har daɗi na ji, ban gaya wa kowa ba.

Ran Laraba wani dattijo ya shigo, Baba Umaru, daga garin Colire. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da kati a naɗe cikin takarda, ya gaishe ni da Fillanci.

"Jam na, 'yata? Ke ce likitar?"

"Ni ce ƙaramar, Baba. Babban yana hanya."

"Ƙaramar ma ta isa. Uwargidana ce a ciki, Dada Hajara. Bara ta rasu. Wayar da katin ke ciki ta faɗa rijiya, wannan kaɗai aka ceto."

Ya ce duk lokacin da ya yi tafiya takan ɗauki muryarta a waya, jikarsu ta aika masa. So yake a zuba masa a sabuwar waya, a kuma ajiye kwafi. Na sa kati, aiki ya fara, ya kai kusan rabi, sai inji ya sandare. Na sake tayar da shi. Ba kati. Na sake. Ba kati.

Doka ta farko a shagon nan kun san ta: ba a zare kati ana tsakiyar kwafi. Don haka ban taɓa shi ba. Sau shida ina sake tayar da injin, kowane karo ina jin kamar ina ƙara tura wuƙa. Na tuna ɗinkina. Na ce shi ke nan, wutar da na sake ta ƙone matar mutum. Na kira Patron, layi ba ya shiga, yana cikin mota tsakanin duwatsu.

Baba Umaru yana kan benci, bai san komai ba, yana ta hira.

"A cikin muryoyin akwai wadda take ce mini, Malam, ka sha maganinka ko sai na zo da muciya? Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba, amma faɗa kam, ko alƙali."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni Innata ta rasu ina aji uku a kolej, ba mu da wayar da ke ɗaukar murya. Ina da zanenta, ina da tasarta, amma muryarta kullum ƙara nisa take yi. Wani lokaci nakan rufe ido in ce ta kira ni, "Maimuna," sai in ji muryar gwaggona ce ta fito. Na san abin da nake shirin yi wa dattijon nan, na san shi fiye da kowa a kasuwar.

Da aka kira azahar na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na durƙusa gabansa.

"Baba, katin ya daina amsawa. Ina jin laifina ne."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Ita ma haka ta yi, muna cikin magana." Ya ɗauki buta ya fita, ya dawo ya zauna inda yake.

Patron ya sauka daga kan babur ana gab da la'asar, jaka a kafaɗa. Na faɗa masa komai, har ɗinkin. Ya buɗe injin ya duba.

"Wa ya koya miki aikin tela? Kin zare katin?"

"A'a, Patron. Kai ka hana."

"Na hana a zare ana kwafi. Yanzu wane kwafi ake yi?"

Ya cire batiri, ya zare katin, ya ajiye shi a kan tebur. Ya ce manhaja tana ba da umarnin a yanke wuta, tana zaton an yanke, alhali wayar da na ɗinka tana nan tana ɗura wa katin wuta. Kati na ƙasa a ɗaya da ɗigo takwas yana jira, inji na yi masa magana daga sama a uku da ɗigo uku. Ya ce irin wannan yana iya lalata kati, ba zai yi mini alkawari ba. Muka ƙirga minti ɗaya, ya sa shi a kwamfutarsa.

Sunaye suka jeru. Ya taɓa na farko, sai wata murya ta cika shagon, kakkausa, tana haki kaɗan: "Malam, ka isa lafiya?"

Baba Umaru ya miƙe tsaye. "Lafiya lau," ya ce mata.

Abin da na koya ke nan: ɗan abin da aikinsa shi ne ya yanke, ba a tsallake shi don an ga wuta ta kawo. Kuma abin da ake miƙo mana a naɗe cikin takarda, a fara kwafe shi a injin da ba a taɓa ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata Patron ya juyo ya ce, "Kin tsira, Maimuna. Je ki yi salla." Ban tafi nan take ba. Na tsaya bakin ƙofa har Dada Hajara ta gama maganar muciya, ina sauraron uwar wasu.