Tabarmar Mushe Siddo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha shida ga Satumba 1958, Allah Ya karɓi ran Mushe Siddo Alfari (Mushe laƙabin malaman boko ne a nan), tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, na garin Gaya, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ya rasu saura kwana goma sha biyu a jefa ƙuri'ar i ko a'a, wadda za ta nuna ko mu zauna tare da Faransa ko mu rabu. Ni Alassan, ɗalibinsa, wanda ya gaji ajinsa, nake rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye ba, da tsoro nake rubutawa.

Baba Mushe, kai ka koya mana abin da ba ya cikin tsarin lakwal. Annasara komi yake so, wato akawu mai kyan rubutu wanda zai kwafi takarda a biro, ofishinsu. Kai kuwa, da an tashi sai ka tsare mu a zaurenka, ka karanta mana tarihin Kabi da Dandi, da waƙoƙin malamai, da sunayen taurarin damina. Iyayenmu suna gunaguni, wai tarihi ba ya cika rumbu. Ka ce da mahaifina: "Wanda bai san yadda kakanninsa suka yi mulki suka yi kuskure ba, duk mai ganga zai iya jan sa." A lokacin na ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai.

Samari sun sha kiranka ɗan jiya, domin ba ka son gaggawa, ba ka kuma yarda a rushe abin da aka gada don sabo ya zo ba. Amma ban san wanda ya kai ka son 'yanci ba. Cewa kake 'yanci aiki ne, kuma farkon aikin shi ne mutum ya iya sauraron wanda ba ya so.

Shi ya sa kowace Juma'a bayan la'asar kake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanka, duk mai magana kan sha'anin gari ya zo. Doka ɗaya ce. Ba ka faɗin taka sai ka fara faɗin ta abokin gardamarka, har ya ce, "Haka nake nufi." Ba zan manta shekarar da Cha'ibu direban kamyo, babbar motar kaya, da Sumana masunci suka yi rikici kan mashigin kogi ba, inda ake lodi kuma ake ɗaure jirage. Sau biyu Cha'ibu yana faɗin hujjar Sumana, Sumana kuwa yana girgiza kai. A na uku ya faɗe ta tsaf, har da yadda tayoyi ke tattake taru a kan yashi. Sai ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi Mushe, yanzu ni ma bayan Sumana nake." Ranar har kai sai da ka yi dariya da hawaye.

Yau mutanen nan biyu ba sa gaisawa. Ɗaya na i, ɗaya na a'a. An yayyanka tarun Sumana, an fasa gilashin motar Cha'ibu, ba wanda ya ga mai yi, kowa kuma ya san wanda zai zarga. Sun ɗauki makararka tare, wannan gaba wancan baya, ko kallon juna ba su yi ba. Tun a maƙabarta kowane ɓangare ya fara rantsuwa cewa kana tare da su. Ni da na tambaye ka ɓangaren da kake, ce mini ka yi, "In na faɗa, za su daina tunani." Ina tsoron Lahadi ranar ƙuri'a, na fi tsoron Litinin, sa'ad da waɗanda suka faɗi za su haɗu da waɗanda suka ci a kasuwa ɗaya.

Ana gobe za ka rasu ka riƙe hannuna ka ce, "Alassan, Juma'a ka shimfiɗa tabarma." Na ce to. Juma'ar ta zo, na fake da sadakar uku, ban shimfiɗa ba. Gaskiyar ita ce an ja mini kunne cewa malamin lakwal da ya tara mutane a wannan lokaci zai iya rasa ajinsa, ko a jefa shi can arewa. Kuma ni ba ni da furfurar da za ta sa Cha'ibu ya yi shiru. Ka yafe mini, Baba.

Jiya bayan sadakar bakwai Inna Zalika, matarka, ta fito da tabarmar a naɗe ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "Ɗana, shekara ashirin ina share wurin nan. Juma'ar nan ma zan share." Na je wajen Sumana, ya ce in Cha'ibu ya zo zai zo. Na je wajen Cha'ibu, ya faɗi haka shi ma. Ban san wanda zai fara tasowa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa iliminka ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Zalika, da 'yarka Hasana, da dangi na Bana da Tunuga. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare Gaya daga fitina.

Juma'a ɗaya ta rage kafin ƙuri'a. Bayan la'asar zan shimfiɗa tabarmarka, in zauna in jira su har magariba.