Gaisuwar da Ta Kusa Cinye Mana Burtali

Ko zan manta da komai na rayuwata, ba zan manta da ranar da na kai Baffa taro Illela ba. Lokacin ina kabu-kabu a Konni, shi kuwa yana can ruga wajen Bazaga da shanunsa. Labari ya zo cewa manya daga Yamai suna zagaya ƙasa, suna jin ta bakin jama'a kafin a tsara sabuwar dokar noma da abinci. Mu damuwarmu ɗaya ce, burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, wanda aka ce za a yanka shi gonakin albasa. In ya tafi, Baffa ba shi da zaɓi sai ya kora garke ya tsallaka iyaka, ya bar ƙasar da aka binne iyayensa.

Makiyaya suka zaɓe shi ya yi magana da yawunsu. Har yau ina jin ƙamshin turaren da ya zuba wa rawaninsa da safen nan. Ya hau bayan babur ya riƙe ni kamar zan gudu, muna tafe yana maimaita jawabinsa a kunnena. Ni da ramukan hanya duk mun haddace shi.

Da muka isa, manoma suka yi magana, 'yan kasuwa suka yi, sai aka zo kanmu. Babban baƙon daga Yamai ya dubi Baffa ya ce, "To Baba, ina labarin dabbobi?"

Baffa ya gyara tsayuwa ya ce, "Lahiya lau, ranka shi daɗe." Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambayi mutanen Yamai. Aka ce da shi ya ruwa, ya ciyawa? Ya ce, "Sai godiya." Shi a wurinsa wannan duk sallama ce a bakin ƙofa. Mutumin da ko ciwo ke cinsa ba ya buɗe baki da kuka, yaya zai fara da ƙorafi gaban baƙo? Amma mai riƙe da makirfo ya ɗauka an gama. Ya karɓe abinsa ya ce, "Madalla, makiyaya ba su da matsala."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Baffa ya koma ya zauna, kunya ta hana shi cewa bai ƙare ba.

Sai wani tsohon manomi ya miƙe. Shi ne wanda kowace kaka Baffa ke sauke shanu a gonarsa su ci kara su bar masa taki, su yini suna tsokanar juna. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga Bahillace gaisuwa ya yi, bai soma magana ba. In kun biye mishi, sai ya gaishe ku har magariba." Wuri ya ɗauki dariya. Ya juya wajen Baffa ya ce, "Tashi ka hwaɗi abin da ka zo da shi. In shanunka sun tahi, wa za shi ba ni taki? Albasa zan ba hatsina ya ci?"

Baffa ya tashi. Jawabin da na haddace ko kalma ɗaya bai fito ba. Cewa kawai ya yi, "Saniya ba ta da hihhike. In kun rufe hanya, ko ta bi ta gonar ɗan'uwana, ko ta bar ƙasar. Duk biyun ba ni so." Baƙon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a maimaita masa a hankali.

Ban san abin da aka rubuta a Yamai ba, amma da rani aka zo aka kafa duwatsun shaida a gefen burtalin don kada kowa ya nome shi, kuma Baffa ya ƙare kwanakinsa a Bazaga. Tsofaffin nan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewarsu ƙwarai. Abin da na koya shi ne, ba kiran mutum taro ne jin muryarsa ba. Wani sai an yi haƙuri an jira shi, wani kuma sai ya sami maƙwabcin da zai ce a mayar masa da makirfo.