Miyar Kazar da Na Yaɗe wa Mai

Ina tsugune gaban murhu, ina yaɗe man da ya taso saman romon kaza, sai ƙanena ya kira daga asibitin Madawa. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Ban aje ludayin ba sai da maƙwabciyata ta zare shi daga hannuna.

Tun da tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi likita ya hana masa mai da gishiri. A gidanmu kuwa, miyar da mai bai kwanta a kanta ba rowa ce. Sau biyu ina aika masa miya marar mai daga Galma, sau biyu kwanon na dawowa cike. Ya ce a gaya mini, "Ɗiyata, ruwan wankin tukunya ba ya tada marar lafiya."

Ran da ya cika ɗin, na sake dabara. Na saɓule fatar kazar, na dafa albasa mai yawa har ta narke, na daka ta da tafarnuwa da daddawa don miyar ta yi kauri. Man da na yaɗe na tara a ƙaramin kwano.

Kafin la'asar gida ya cika da masu gaisuwa. Gwaggo ta buɗe tukunyar, ta ce, "Wagga za a kai ma baƙi? So kike a yi da mu?" Ta juye man a ciki, ta ƙara gishiri, aka ci da tuwo.

Ban ɗanɗana ba kafin ta gyara. Har yau ban san ko da Baba zai ci ta ba.