Layi Uku da Na Goge

Shekarar da fetur ya gagari masu injin ban-ruwa a Watari, na shafe wata huɗu ina rubuta wa ƙungiyar manoman rani manhajar rabon ruwa: wa zai sha yau, wa zai jira gobe. Sun ce wanda ya kawo manhaja mai aiki shi za su ɗauka. Ni kuwa takardar digirina tana ƙasan akwati, ba abin da nake hange sai aikin nan.

Sai ga ɗan gwaggona daga Bacirawa da sabuwar kwamfutarsa siririya. Ya zare filashina da na adana manhajar a ciki yana dariya, wai kayan taubashi ganima ne. Ka san wasan taubasai, in ka ɓata rai kai ne mara kirki. Bayan kwana uku na ji ya kai wa ƙungiya sunansa, wai shi ya rubuta. Wallahi ranar ko tuwo ban iya haɗiyewa ba.

A fayil ɗin da ke harhaɗa manhajar akwai layi uku. Aikinsu su tambayi kwamfuta wane irin furosesa ke cikinta, wato ƙwaƙwalwarta, sannan a ɗebo kayan da suka dace da ita. Tawa da tasa ba jinsi ɗaya ba ne. Da ya dawo, ba kunya ba tsoron Allah, yana neman kwafin ƙarshe, na goge layukan, na rubuta sunan furosesar tsohuwar kwamfutata a gurbinsu. Na miƙa masa har da addu'a. Na san ragwancinsa, ba zai gwada ba.

Ranar taro a gindin mangwaro, bayan la'asar, ya danna. Jan rubutu ya cika allo. Ya sake dannawa. Shugaban ƙungiya, dattijo mai haƙuri, ya tambaye shi me na'urar ke cewa, ya hau kame-kame, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya juyo.

"Taubashi, zo ka duba mana."

"Ai kai ka rubuta, ranka ya daɗe. Ni me na sani?"

Na bar shi ya jiƙe sharkaf, kuma na ji daɗi har cikin raina. Sai da shugaban ya kira ni da kansa na tashi, na mayar da layukan daga ka. Jadawalin ruwa ya fito.

Aikin ya zama nawa. Gwaggo kuwa, wadda ta goye ni, har ta rasu ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Na yi kukan wannan sosai. Amma ko yau aka mayar da ni wurin, sai na ƙara masa minti goma yana gumi.