Yaran da Ba Su da Lambar Gida

Shekara goma sha tara Bu Nurhaeda, wato Malama Nurhaeda, ta yi tana kula da rumbun bayanai na wani ofishin lafiya a Kendari, wani birni na bakin teku, kuma ba wanda ya taɓa cewa tana da daɗin sha'ani. 'Yar mai busasshen kifi ce, bakinta har ya fi na uwar kaifi. Ni dai haka nake sonta.

Kafin kowane zagayen rigakafin ƙyanda, ita ke haɗa jadawali biyu, na sunayen yara da na adireshin gidaje. Hanya biyu ce. Haɗin ciki yaron da ke da gida a rubuce kawai yake ɗaukowa, minti biyu kwamfuta ta gama. Haɗin waje kuwa ba ya barin kowa, ko da gurbin adireshin ya fito fayau, amma a tsohuwar na'urarsu sai ya lashe minti arba'in. Nurhaeda na waje take yi, saboda 'yan ƙabilar Bajo, mazauna kan teku, a kwalekwale suke haihuwa, ba su da lambar gida.

Sai ga sabon shugaba, Pak Syamsul, wato Malam Syamsul, da digirinsa da gaggawarsa.

"Bu, wannan abin naki ai tafiyar kunkuru yake. Mayar da shi na ciki mu huta."

"Pak, yara ɗari huɗu da sha biyu za su ɓace."

"Ba adireshi fa! Ina masu allura za su same su?"

"A kan ruwa mana. Ƙyanda tana tambayar lambar gida ne?"

"Umarni nake ba ki."

"Na ji da kunnena. Ba zan yi ba."

Mako bai zagayo ba aka cilla ta wani ƙaramin asibiti a tsibiri. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi kuka, amma ba a gabansa ba. Kafin ta miƙa makulli ta sake kunna haɗin nata, ta zauna tana cin shinkafa da gasasshen kifi har ya kammala, ta buga takardun ta ƙunshe a leda saboda ruwa.

Ran da aka fara allura, ta tsaya a kan gadar katako a tsakanin kwalekwalen 'yan Bajo, ta ɗaga murya ta kira sunan farko a takardun.

Wata mata ta leƙo daga ƙarƙashin rumfa, riƙe da yarinya, ta daɗe tana kallonta.

"Bu," in ji matar, "ashe kun san da mu?"