Akun Baffa da Turaren Iya

Ba na ƙona turaren wuta a ɗakina. Surukaina mata sun yi tsegumi har sun gaji, wata ma ta taɓa cewa ko iskokai ne da ni da ba sa son ƙamshi. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Jiya da la'asar amaryar maƙwabtanmu ta zuba nata a kasko, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma ina tsince shinkafa. Wallahi sai da na ajiye faifan. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma hancina bai manta ba. To bari yau in faɗa muku dalili, tunda ku ba surukaina ba ne.

Gidanmu a wani ƙauye yake a ƙasar Gaya, ba nisa da Kademi, gidan manoman gero da gyaɗa. Ina da shekara tara ko goma a lokacin, shekarar da aka ce motoci sun koma bin hannun dama. A ɗakin kakata nake kwana, mahaifiyar babana, wadda kowa a gidan yake kira Iya. Tsohuwa ce mai faɗa, in ta buɗe baki har kaji sai sun bar tsakar gida. Mutum ɗaya ne ba ta iya yi wa faɗa, autanta, wato Baffana. Shi noma bai karɓe shi ba, ya bi fataken goro zuwa Kurmi, shekara huɗu rabonsa da gida, sai dai saƙon gaisuwa da ɗan ƙunshin goro. Iya tana da wani gwangwani na turaren wuta, irin na mutanen Barno, da wata 'yar'uwarta ta kawo mata. Ta ɗaure bakinsa da tsumma ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba mai buɗewa sai ranar da autanta ya dawo. Na taɓa buɗewa na sansana, kunnena ya kwana biyu yana zafi.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa abokin tafiyar Baffa ya iso shi kaɗai. Tun daga yadda ya yi sallama a zaure babana ya gane. Zazzaɓi ne na kwana uku, an yi masa sutura an binne shi a can. Abin da ya zo mana da shi adaka ce, da buta, da bargo, sai wani keji na waya da aka lulluɓe da buhu. Da aka yaye buhun sai ga aku, jikinsa ruwan toka, jelarsa ja wur, ya takure a lungu yana kallonmu da ido ɗaya.

Mutumin ya durƙusa gaban Iya ya ce, "Iya, wannan shi ne abokin hirarsa. Babu abin da bai ɗauke ba daga bakinsa, har tarinsa. In kina bayan ɗaki ya yi magana, sai ki rantse marigayin ne."

Ku tuna, a lokacin ba mu da hoton Baffa ko ɗaya. Ba kabarin da za a nuna mata, ba ta ga gawa ba, ba ta ji wasiyya ba. Iya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana duban tsuntsun nan, sannan ta ce a ajiye mata shi.

Kuskuren farko shi ne da muka rataye kejin a rumfar tsakar gida, ga gida cike da masu zuwa gaisuwa. Labari ya zaga cewa akwai tsuntsu mai muryar mamaci. Mata in sun gama addu'a sai su zagaye shi, yara kuwa da karansu suna tsokana, "Aku, yi magana! Aku, ce sannu!" Wannan ta tura masa lomar tuwo, waccan ta gutsiro masa goro, wata tsohuwa har cewa ta yi a ba shi barkono harshensa zai saki. Shi kuwa ba ci ba sha, sai wani irin gurnani mai ban tsoro in an matso. Ya ciji yatsan wani ɗan gwaggona har jini. Kafin sadakar bakwai ya fige gashin ƙirjinsa da bakinsa, fatar ta fito fili, ƙashin ƙirjin ya yi tsini. Iya in ta yi masa faɗa ta gaji sai ta koma lallashi, in ta yi lallashi ta gaji sai ta koma faɗa. Kowa ya ga mutuwa zai yi.

Babana ne ya samo dabara. Ranar kasuwar Ajingi ya haɗu da wani dattijo da ya yi shekaru a Kurmi, ya ba shi labari. Dattijon ya ce shi ma tsuntsun makoki yake yi, ga baƙunta. A ɗauke shi daga idon mutane, a kai shi wuri mai shiru. A rufe rabin kejin da zane don ya sami inda zai ɓuya. Mutum ɗaya tak zai riƙa ba shi abinci, kada ya zura masa ido, kada ya sa masa hannu, sai ranar da shi da kansa ya nema. Babana ya dawo ya zauna gaban Iya ya faɗa mata, a hankali, don ya san ita ce farkon wadda za a hana zuwa. Ta yi tsaki, ta ce wato yanzu ita da kayan ɗanta sai ta nemi izini. Amma ta yarda. Aka ba ni aikin, wai don ni ce mai taurin kan da zan iya zama wuri ɗaya.

Muka mayar da shi bayan ɗakin Iya, ƙarƙashin wata 'yar rumfa kusa da rumbu, inda ba mai wucewa. Na rufe rabin kejin da tsohon zanen Innata. Kullum da hantsi sai in zuba masa ɗanyar gyaɗa da ɓawonta, in canza ruwa, in zauna a ƙasa in juya masa baya ina ɓarar tawa gyaɗar, ina 'yan waƙe-waƙena ƙasa-ƙasa. Kwana biyu ba abin da ya taɓa. A rana ta uku ina zaune na ji "ƙas" a bayana. Ya fasa gyaɗa! Wuyana har ƙaiƙayi yake don son in juya, amma na daure, na ci gaba da waƙata hawaye na zuba.

Daga nan abin ya riƙa tafiya sannu a hankali. Na gano yana son ɗanyar masara, yana son gwanda, ba ya son a zo masa ta sama, ba ya son jan mayafi. In na yayyafa masa ruwa da tsakar rana sai ya buɗe fukafukai yana karkaɗawa. Bayan mako biyu ya karɓi gyaɗa daga yatsuna, bakin nan da ya fasa yatsan yaro ya ɗauka a hankali ko ƙwarzane babu. Wata rana kuma ya sunkuyar da kai ya jingina da waya, na sosa masa ƙeya ya lumshe ido. Gashin ƙirjinsa ya fara tsirowa. Na ƙaunaci tsuntsun nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma na fara jin kaina, ina ganin duk garin ba wanda ya san aku kamata.

Iya kuwa kullum da safe tambaya ɗaya ce. "Ya yi?"

"Bai yi ba tukuna, Iya."

"Ke dai ja'ira, ba abin da kika iya sai cinye masa gyaɗa."

Wani lokaci ina hango inuwarta a kusurwar ɗakin, ta laɓe tana kasa kunne, ita da ko Sarkin garinmu ba ta laɓe masa.

An yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki aka aiko cewa ƙanwar Iya ba lafiya a Gafasa. Tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba, amma wannan ba yadda za ta yi, ta tafi ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi ina zaune na ba shi baya kamar kullum, sai na ji tari. Tarin namiji, irin mai kaurin nan sau biyu a jere. Nan take na san mai tarin. Sai murya ta biyo baya daga ƙarƙashin zanen, muryar Baffa sak, da ɗan jan nan da yake yi a ƙarshen magana: "Yi haƙuri, yi haƙuri. Bayan Sallah sai gida." Sau uku ya faɗa. Na ruga na kira Innata, kafin mu zo ya yi shiru yana gyara gashinsa. Ni kaɗai na ji.

Iya ta dawo ranar Juma'a da hantsi, ƙafafunta duk sun kumbura. Ko ruwa ba ta sha ba na faɗa mata. Ta zauna a bakin ƙofa, ta sa na maimaita mata kalmomin. Sai ta ce, "Ashe ya iso." Ta miƙe kamar ba ita ta yi tafiyar ba. Ta ce ɗanta ba zai yi mata magana a bayan ɗaki kamar akuya ba, a ɗakin uwarsa zai yi. Ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta durƙusa ta jawo gwangwanin nan daga ƙarƙashin gado ta kwance tsumman. Maza duk sun tafi masallacin Juma'a, Innata tana daka, ba wanda za a tambaya, kuma a gaskiya ba mu ga abin tambaya ba. A wajenmu haka ake tarbar wanda ya dawo daga tafiya.

Ni na shigo da kejin, ni na ɗebo garwashi daga murhun Innata a kasko. Iya ta zuba turaren, ba ɗan kaɗan ba, ta juye kusan rabin gwangwanin, ajiyar shekara huɗu. Ta saki asabari, ta tura ƙyaure, ta toshe 'yar tagar da tsumma don kada hayaniyar yara ta dame shi. Ta ajiye kaskon daf da kejin. Ni kuma gwanar aku na ce, "Iya, ba ya magana sai an rufa masa zane." Na rufa. Gefen zanen ya sauko ta wajen kaskon, hayaƙin yana shiga ciki. Na kai hannu zan gyara, ta ce, "Bar shi, ya ji ƙamshin gida."

Muka zauna a kan sabuwar tabarma, muka juya masa baya kamar yadda na koya mata. Ɗakin ya cika da hayaƙi, idona yana yaji, amma ƙamshin kam ban taɓa jin irinsa ba. Can muka ji yana fiffika, yana dukan waya da fukafukai. Iya ta motsa za ta duba. Na riƙe mata hannu na raɗa mata, "Kada ki juya, Iya. Haka yake yi in zai yi magana." Ƙarya nake yi, bai taɓa yin haka ba, so nake kawai ta ga na sani. Fiffikar ta yi ƙarfi, ta ragu, sai muka ji wani abu ya faɗo a hankali. Daga nan shiru. Muka ci gaba da jira, tana riƙe da hannuna, har garwashin ya mutu.

Da na ɗaga zanen yana kwance a ƙasan kejin, ƙafafunsa a dunƙule, bakinsa a ɗan buɗe. Iya ta sa hannu ta ɗauko shi ta ɗora a cinyarta. Na jira faɗa, na jira duka, da ma ta yi. A ranar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo adaka da buta, kuka har maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar wa ya rasu.

Mutane suka ce kwanansa ne ya ƙare, wasu suka ce marigayin ne ya kira abinsa. Babana da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi ɗakin, ya dubi kaskon, ya dubi tagar da aka toshe. Ya ɗauki fartanya ya binne tsuntsun a bayan rumbu. Daga kallon nan nasa na gane hayaƙin ne, ina jin Iya ma ta gane. Sauran turaren ban san inda ta kai shi ba.

Ta yi shekara uku a duniya bayan wannan, kuma faɗan nan nata duk ya tafi. Duk in Sallah ta matso sai ta kira ni ta ce, "Zo ki faɗa min yadda ya faɗa." Sai in kaurara muryata, in yi tarin, in ce, "Yi haƙuri, yi haƙuri. Bayan Sallah sai gida." Sai ta girgiza kai ta ce, "A'a, ba haka muryarsa take ba." Can kuma ta ce, "Sake."

Yanzu zamani ya canza, muryar mutum ba ta ɓata. Ɗana da yake aiki a Kudu yana turo min saƙon murya a waya, na hana kowa goge ko ɗaya, ko da kuwa cewa ya yi a duba masa takarda. Kwanan baya jikata ta sayo wani ɗan tsuntsu mai tukku da jan kumatu, ta shigo da shi falo yara sun yanyame shi. Na kore su duka. Na ce a kai shi wuri mai shiru, a rufe rabin kejin, mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, kuma duk wadda ta kunna turare ko maganin sauro kusa da shi ni da ita ne. Jikar tawa ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ina kika san kiwon tsuntsu haka?" Na ce mata na taɓa yi.

Kalmomin Baffa har yau suna kaina, amma muryar ta gushe min tuntuni, na nema na rasa. Sau uku na ji ta, Iya kuwa ko sau ɗaya. Kuma lokacin da ta so ta juya, ni na riƙe mata hannu.