Jinkar Baba da Wutar Kande

Sau ɗaya tak na ji Kakata ta kira sunan babana. Shi ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Karare uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Gidanmu sun zama masu bin Yesu tun kafin a haife ni. An bar tsafi, an bar giya, amma wannan kunyar ba wanda ya ce a bar ta. In Kaka za ta ambace shi sai ta ce "mai ɗakin can". In tana da saƙo kuwa ni take ba, ko da yana tsaye taku uku daga inda take.

Baba gwanin jinka ne. Duk rani yana bisa ɗakunan mutane yana baibaya, na gwauraye, na tsofaffi, na majami'a, har zauren maƙwabcinmu Malam Sani da ke jan salla a unguwar gabas. Ba ya karɓar ko ƙwayar gyaɗa. Ɗakin Kaka da na Innarmu ya yi musu jinka mai kyau. Nasa ɗakin kuwa, in ka kwanta a ciki za ka iya ƙidaya taurari ba tare da ka leƙa waje ba. Daminar da ta gabaci wannan labarin a nan ya kwana cikin yoyo, ya kamu da tarin da ya kwantar da shi wata biyu, har muka fid da rai. Da ya tashi sai ya yanko shuci, ciyawar jinka, dami goma sha biyu, ya jingine bayan rumbu, ya ce bana kam zai gyara. Kafin bazara ta raba, saura uku. Duk wanda ya shigo da fuskar tausayi sai ya fita da dami a kai.

Inna ta yi magana har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce, wai mai bi ba ya fara duba kansa. Kaka kuwa tana gani, tana jin tarin da bai gama sakinsa ba, kuma al'ada ta ɗaure mata baki. Abin da ya rage mata shi ne tatsuniya.

Kullum bayan an ci tuwo muke kewaye murhunta. Ko ana zafi wutarta ba ta mutuwa, don a cikin tokar take gasa mana gyaɗa, wadda ta ƙone ta ba wanda ya fi surutu, wato ni. Ran da nake ba ku labari, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa yana tufkar igiya. Sai Kaka ta juya tabarmarta ta fuskanci wajen, abin da ba ta saba ba, ta ɗaga murya kamar mu kurame ne.

"Ga wata nan ta taho maku," in ji ta.

Muka ce ta shigo mu ji ta.

Ta ce a zamanin kakar kakarta, lokacin da Sarkin Katsina ke aika gaisuwa Sakkwato, ba a san Bature ba balle ashana, an yi wata mata a wani ƙauye kusa da Zakka, sunanta Kande. Ita ta fi kowa iya kwantar da wuta. Takan samu gungumen kirya ta binne shi cikin toka, gari ya waye yana nan da ransa. Shi ake kira uwar wuta. Da safe maƙwabta su zo da fasasshen kasko, ta zuba musu garwashi, ba ta taɓa cewa babu ba. Da mutane suka ga haka sai kowa ya daina wahalar kwantar da tasa. Masu ƙyastu, ƙarfen ƙyasta wuta, suka yi sakaci da shi. Wani ya musanya nasa da zakara, wani ya manta inda ya ajiye, na mai gari kuwa yara suka jefa a rijiya don su ji ƙararsa.

Wata rana aka kwana ana ruwa, itacen kowa ya jiƙe. Da sassafe layi ya kai har bakin danga. Kande ta ɗora kununta ke nan, ta sauke, ta hau rabo. Ta ba wannan, ta ba wancan, har murhu ya koma saura gungumen. Sai ga matar mai gari da ƙaton kasko. Kande ta duba ba garwashi, ta ji nauyin ta ce a jira, sai ta ciccibi uwar wutar ɗungum ta miƙa mata. Matar ba ta kai gida ba ruwa ya sake saukowa ya kashe ta. Su kuma sauran, ɗan garwashin da suka ɗiba ya mutu a ƙarƙashin jiƙaƙƙen itace. Suka dawo da kaskonsu wurin Kande kamar yadda suka saba, suka tarar da toka mai sanyi.

Kwana uku garin na cin ɗanyar gumba, don rafi ya kawo, ba hanyar zuwa ɗiban wuta wani gari. Nan Kaka takan kwaikwayi kukan cikin mai gari yana tsakiyar yanke shari'a, da yadda fadawansa ke waiwaye suna neman inda akuyar take. Muka yi ta birgima a ƙasa. Ta ce da aka taru a ƙofar mai gari, ba wanda ya tuna da zakara ko rijiya, Kande aka sa a gaba, wai wace irin mata ce za ta ba da uwar wuta.

"Kun ji, 'yan nema," in ji Kaka, idonta a kan igiyar Baba. "Mai rabon garwashi shi bar uwar wuta cikin murhu nai. Na sauke ta nan, kowa shi ɗauki rabonshi."

Na waiga na ga Baba ya daina tufka, yana gyaɗa kai a hankali, har da share ido. Kaka ta yi murmushi, ta ba ni gyaɗar da ba ta ƙone ba. Inna ma ranar da waƙa ta wanke tukwane.

Ranar Lahadi fasto ya tafi Batsari, Baba ne dattijon da zai yi wa'azi. Ya miƙe ya ce akwai wani labari da ya taɓa zuciyarsa a makon nan. Ya kawo Kande, ya kawo layin maƙwabta, ya kawo kunun da ta sauke ba ta sha ba. Da ya zo wurin uwar wuta sai ya ɗaga murya. Ya ce ku dubi wannan baiwar Allah, ba ta ma san bishara ba, amma ba ta rage wa kanta komai ba, ina mu? A nan ya rufe labarin. Ba ruwa, ba gumba, ba cikin mai gari. Mutane suka ce amin. A gefen mata tari ya sarƙe Kaka har sai da aka kawo mata ruwa a moɗa. Ana tashi kuwa, wani mutum da wa'azin ya ratsa ya matso ya ce ɗakin awakinsa na yoyo. Kafin la'asar dami ukun nan sun bar bayan rumbu.

Daren nan ba a yi tatsuniya ba. Kaka ta zauna tana tsokanar toka da kara, tana magana da murhu. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma ta ji an karanta cewa da mudun da mutum ke son kansa ake so ya auna wa maƙwabci. To in mai ɗakin can zai so maƙwabta irin son da yake wa kansa, sai dai ya bi gari yana yaye musu jinka. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. A hasken wutar na ga tsoro a fuskarta. Tari ne ya kashe mijinta.

Washegari da hantsi, Baba ya dawo daga sharar gona ya tarar da Kaka a ɗakinsa. Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin babbar ɓular, ta jera ƙoranta, ta rataye carbin goribarta na ado a ƙusa, ta miƙe ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce da ni in tambayi tsohuwa lafiya.

Na juya na tambaye ta, ko da yake ta ji.

"Ki ce mashi na yi ƙaura. Iskar ɗakin ga ta yi mani."

Na juya na faɗa masa. Ya ce in gaya mata hadari na haɗuwa, ɗakin ba ya riƙe ruwa. Ta ce in gaya masa ai ta ga mutum ya yi damina guda a ciki, kuma ba ta fi shi tsada ba. Haka na yi ta juyi tsakaninsu har wuyana ya ƙage. Inna na bakin turmi tana daka abin da ya riga ya daku, don kar a ga tana dariya.

Baba ba zai ɗauke uwarsa da ƙarfi ba, ba zai bar ruwa ya dake ta ba, ga shi ba shi da ko tsinken shuci, kuma lokacin yankansa ya wuce. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi ƙi a duniya, wato roƙo. Na bi shi a baya har zauren Malam Sani. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali. Sai da Malam ya ce, "Ishaku, in ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba, azahar za ta same mu," sannan ya fito da maganar da ƙyar.

Malam Sani ya kwashe da dariya. Ya ce shekara nawa suna yi masa tayin taimako yana cewa ba komai, har sun fara zaton raina hannunsu ya yi. Kafin rana ta karkata gidanmu ya cika. Masu salla da masu zuwa majami'a, kowa da daminsa, har da mai awakin nan, ya dawo da biyu cikin uku yana sosa ƙeya. Aka fito da Kaka gindin dalbejiya tana ba da umarni ta bakina. Baba ya hau, ya yi jinkar da bai taɓa yi wa kowa irinta ba, don ta uwarsa ce. Ana ɗaure kan jinkar iska ta taso da ƙamshin ƙasa.

Mutane na watsewa Kaka ta shiga ta naɗe tabarmarta, ta tattara ƙoranta, za ta koma ɗakinta. Baba ya ce in gaya mata ta zauna abinta, ɗakin ya fi nata kyau yanzu, shi zai kwana a rumfar jaki, ba ta yoyo sosai.

Na buɗe baki zan isar, sai ta ɗora hannu a kaina ta matsar da ni gefe. Ta ɗaga ido ta dube shi.

"Ishaku."

Tabaryar Inna ta tsaya. Baba ya durƙusa inda yake.

"Kowa cikin garin ga ka ji tausai nai, saura mutum guda. Shekara da shekaru kana kwantar da shi cikin ruwa, kana hana mashi hutu, in ya yi tari ka ce shi yi haƙuri. Da wani ne ya yi mashi haka, da ka kai ƙara wurin fasto. To ɗana ne. Wata tara na ɗauke shi. Kuma Yesun da ya mutu don mutanen da kake ma jinka, har da shi ya mutu dominsa. Ka shiga da shi ɗaki."

Ta ɗauki tabarmarta ta wuce, kunya ta dawo mata tun kafin ta kai ƙofarta, har tana tuntuɓe da moɗa. Ruwan farko ya sauka a daren, Baba ya kwana a bushe. Da safe ya aike ni in gaya wa tsohuwa ɗakin ya yi shiru da yawa, bai saba ba. Ta ce in gaya masa zai saba.

Bai daina yi wa mutane jinka ba har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya canza kaɗan ne. Duk shekara yakan ware dami huɗu ya ɗaure da jan tsumma, wanda ya zo roƙo ya nuna masa sauran. In an kawo masa hannu a gona kuma ba ya cewa ba komai. Ya sake yin wa'azin Kande bayan wasu shekaru, wannan karon har da cikin mai gari, kuma shi ya yi kukan akuyar da kansa.

Ni da na yi ta yi masa dariya, ashe halinsa na gado. Na yi aikin jinya shekaru masu yawa, kuma na daɗe ina jin cewa in na zauna na ci abinci alhali akwai mai jira, na yi wa Allah laifi. Ina ganin son kai ne, irin wanda aka hana mu. Sai da na yanke jiki na faɗi wata rana a bakin gadon wata mai naƙuda, aka bar ta aka koma kaina, sannan na tuna da mutanen da suka dawo da kaskonsu suka tarar da toka. Amma ba tatsuniyar ce ta fi zama mini ba. Ita tana cewa ka kula da kanka don ka iya yi wa wasu amfani, kuma gaskiya ce. Abin da Kaka ta faɗa a bakin ɗakin nan ya wuce haka. Ba ta ce ya shiga ɗaki don gari na bukatar mai jinka ba. Cewa ta yi ɗanta ne.

Yanzu in na dawo gida a gajiye na ji ina neman kwanciya da yunwa, sai in ji hannun nan a kaina yana matsar da ni gefe. Sai in tashi in ɗora tukunya, in zuba wa jikar Kaka tuwo, in zauna har ta cinye.